Idan fuskar kwamfuta na ƙyaftawa a burauza: yadda za ka bi sawun matsalar har ka kama ta

Kana cikin karatu, ka ja shafi ƙasa, sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi wuluk na ƙiftawar ido ta dawo. Ko ka kunna bidiyo, da ka motsa maus sai hoton ya riƙa walƙiya. Wani kuma ƙananan murabba'ai baƙaƙe yake gani suna bayyana suna ɓacewa a tsakiyar rubutu. Da ya rufe burauzar, komai ya lafa. Abu na farko da ke faɗo wa mutum a rai shi ne gilashin ya lalace, amma matuƙar ƙyaftawar a burauza kaɗai take, gilashin ba shi da laifi a yawancin lokuta. Saɓani ne tsakanin burauza, direban katin hoto (manhajar da ke sarrafa sashen kwamfuta mai zana hoto), da saitin monita.

Shawarar da ta fi yawo ita ce a kashe hanzarin katin hoto, wato saitin da ke sa burauza miƙa wa katin aikin zane, a huta. Tana aiki sau da yawa, kuma za mu zo kanta. Sai dai ni a wurina gwaji ce da ke nuna maka inda ciwon yake, maganin yana gaba. Wanda ya tsaya a nan ya kashe maciji bai sare kansa ba: ƙyaftawa ta tafi, ta bar shi da kwamfuta mai zafi, fanka na kuka, batir na zuba.

Kafin komai, in kai ko wani da ke kusa da kai yana da farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa, kada a zauna ana kallon fuskar. Ƙa'idojin tsara shafukan intanet ma sun hana abin da ke walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa saboda wannan dalili. A ba wani ya yi gwajin.

Tabbatar da cewa a burauza abin yake

A Windows, danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, tagar da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai buɗe. Ajiye shi gefe, ka bar burauzar a buɗe, ka yi abin da ke jawo ƙyaftawar. Wannan gwajin Microsoft da kansa ke ba da shawararsa. In Task Manager na ƙyaftawa tare da komai, zargi ya koma kan direban katin hoto ko monita. In shi yana tsaye ƙyam, burauzar kaɗai ke rawa, to yadda take hulɗa da katin ne matsalar.

Sai gwaji na biyu, wanda mutane ke yin kuskure a cikinsa. Buɗe shafin a wata burauza, amma ba kowace ba. Chrome, Edge, Brave, Opera da Vivaldi duk 'yan gida ɗaya ne, a kan Chromium aka gina su. Edge ya koma can tun Janairun 2020. Don haka in ka gwada Edge bayan Chrome ka ga duk suna yi, ba ka gano komai ba. Firefox ce ke da nata injin daban. In Chrome na yi Firefox ba ta yi, ka rage rabin aikin.

Wayar da ta haɗa monita da kwamfuta kuma minti ɗaya ta ishe ta. Taɓa wayar HDMI ko DisplayPort ka ga ko hoton zai motsa, zare ta ka mayar da kyau. A laftof, ɗaga murfin a hankali ka sauke. In ƙyaftawar na bin motsin murfin, wayar da ta ratsa ta maɗaurinsa ce ta gaji, kuma babu saitin da zai gyara wannan, sai mai gyara.

Me ya haɗa burauza da katin hoto?

Sanin wannan zai sa matakan da ke tafe su daina zama hadda. Burauzar zamani ba ta ɗora wa babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta dukan aikin zane. Tana yanka shafi gida-gida, ta miƙa wa katin hoto ya zana, ya haɗa, ya kuma warware bidiyo, don shi aikinsa ke nan kuma ya fi sauri da ƙarancin cin wuta. Tsakanin burauza da katin akwai direba, wato manhajar da ke yi musu tafinta. Bayan an gama zane, Windows na da nasa mai haɗa tagogi da ke jera komai kafin ya tura wa monita, ita kuma monitar tana sabunta hoto sau 60, ko 120, ko 144 a daƙiƙa. Hannu huɗu ke nan hoto ɗaya ke bi. In ɗaya ya miƙa kafin ɗayan ya shirya karɓa, abin da idonka zai gani shi ne baƙi na ɗan lokaci, ko tsohon hoto ya leƙo ya koma.

Ƙa'ida ɗaya nake roƙon ka riƙe daga nan har ƙarshe: canza abu ɗaya, gwada, rubuta sakamakon. In bai yi ba, mayar da shi yadda yake kafin ka taɓa na gaba. Na taɓa canza saiti biyar a zama ɗaya, matsalar ta tafi, bayan wata guda ta dawo, na rasa wanne ne ya yi aikin tun farko. Sai da na faro daga tushe.

Abubuwa uku masu sauri

Danna maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B tare. Fuskar za ta ɗauke na ɗan lokaci, wataƙila ka ji ƙara, direban hoto ya farfaɗo ke nan. Sannan ka sake kunna kwamfutar ta hanyar "Restart". Kashewa da "Shut down" ba ɗaya ba ne, domin tsarin saurin tashi na Windows yana adana direbobi yadda suke ya dawo da su, har da matsalarsu.

Na uku, buɗe tagar sirri: Ctrl da Shift da N a Chrome da Edge. A can ƙananan manhajojin da ka liƙa wa burauza ba sa aiki sai wadda ka ba izini. In ƙyaftawar ta tsaya, ɗaya daga cikinsu ce, kuma masu mayar da shafi baƙi don karatun dare da masu taɓa bidiyo su ne na fara zargi. Kashe su duka, ka riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya.

Babban gwajin: kashe hanzarin katin hoto

A Chrome, rubuta chrome://settings/system a wurin adireshi. Za ka ga "Use graphics acceleration when available", wanda a tsofaffin sigogi ake kira "Use hardware acceleration when available". Kashe shi, sannan ka danna "Relaunch". In ba ka danna wannan ba, ba abin da ya canza. A Edge adireshin shi ne edge://settings/system. A Firefox, shiga Settings, sashen General, gangara zuwa Performance, cire alamar "Use recommended performance settings", sai wani zaɓi ya fito na "Use hardware acceleration when available", cire nasa ma, ka rufe burauzar gaba ɗaya ka buɗe. Firefox na da gajeriyar hanya kuma: Help, sai Troubleshoot Mode, wanda ke kashe hanzarin da ƙananan manhajoji a lokaci guda.

Don ka tabbata ya kama, buɗe chrome://gpu. A saman shafin akwai jerin ayyuka. Inda da aka rubuta "Hardware accelerated" yanzu za ka ga "Software only" ko "Disabled". A Firefox, about:support ne ke nuna irin wannan bayani.

Wani lokaci ƙyaftawar ta yi tsanani har ba ka iya ganin saitin balle ka danna. Rufe burauzar, danna alamar Chrome da ke kan tebur da maɓallin dama, zaɓi Properties, a layin Target ka je can ƙarshe bayan alamar zance, ka bar tazara ɗaya ka rubuta --disable-gpu. Buɗe ta wannan alamar, za ta tashi ba tare da katin ba. Ka tuna ka goge shi daga baya.

Yanzu duba sakamako. In ƙyaftawar na nan daram, hanzarin ba shi ne ba. Mayar da shi ka tsallaka zuwa batun monita da laftof a ƙasa. In ta tsaya, ka kama hanya. Sai dai ka san abin da ka saya da ita: yanzu babbar ƙwaƙwalwa ce ke warware bidiyo, don haka mai ƙarfi irin 4K zai riƙa sarƙewa, taswira mai siffar zahiri da wasannin cikin burauza za su yi nauyi ko su ƙi buɗewa, taron bidiyo kuma zai sha batir. In aiki ya matsa maka, bar shi a kashe yau. In ka samu sarari, kunna shi ka ci gaba da bincike, don ba za ka iya gwada sauran matakan ba alhali yana kashe.

Direba, inda yawancin laifin yake

Tambayi kanka yaushe abin ya fara. In jiya lafiya lau, yau da safe ya soma, akwai abin da aka sabunta cikin dare, kuma Windows na sauya direban hoto da kansa ba tare da ya yi maka sallama ba. Danna maɓallin Start da dama, zaɓi Device Manager, buɗe Display adapters, danna sunan katinka sau biyu, shiga Driver. Nan za ka ga kwanan watan direban da lambarsa. Rubuta su. In maɓallin "Roll Back Driver" na dannuwa, danna shi, zai mayar da kai kan na baya. In ya dushe, Windows bai ajiye tsohon ba, sai ka sauko da shi daga shafin kamfanin.

In kuwa direban ya shekara biyu ko uku ba a taɓa shi ba, akasin haka za ka yi. Burauza na sabuntuwa kusan kowane wata, direba na zaune wuri ɗaya, dole wata rana su saɓa. Je shafin NVIDIA, AMD ko Intel kai tsaye. Maɓallin "Update driver" na Device Manager sau da yawa zai ce maka kana da mafi kyau alhali akwai sabo. Ga mai laftof, a fara duba shafin kamfanin da ya ƙera laftof ɗin, domin sukan gyara direba ya dace da gilashinsu. Manhajojin nan da ke alkawarin sabunta maka dukan direbobi da dannawa ɗaya kuwa, ka nisance su.

Wajen sakawa, yi mai tsabta. A NVIDIA zaɓi Custom ka sa alama a "Perform a clean installation". A AMD akwai "Factory Reset". In ka taɓa sauya kati daga wani kamfani zuwa wani, ragowar tsohon direba na iya maƙalewa, a nan ne ake amfani da Display Driver Uninstaller a cikin Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da ƙarancin direbobi, a share komai. Sauko da sabon direban tukuna kafin ka share tsohon.

Sauya yaren da burauza ke yi da katin

Wannan matakin na fi so, don yakan kawar da ƙyaftawa ya bar maka hanzarin. Burauzan gidan Chromium na da wani tafinta a ciki mai suna ANGLE, wanda Google ya fito da shi a 2010, da ke juya umarnin zane zuwa yaren da tsarin kwamfutar ya fi ji. A Windows yawanci Direct3D 11 yake zaɓa. In direbanka na tuntuɓe a wannan yaren, sai a sauya masa wani.

Rubuta chrome://flags, ko edge://flags, ka nemi ANGLE. Za ka ga "Choose ANGLE graphics backend". Sauya daga Default zuwa OpenGL in yana jerin, danna Relaunch, gwada. In bai yi ba, gwada sauran da ke jerin ɗaya-ɗaya. Jerin na canzawa daga siga zuwa siga, abin da ka tarar shi za ka gwada.

In bidiyo ne kaɗai ke ƙyaftawa, rubutu lafiya, nemi "Hardware-accelerated video decode" a wannan shafin ka mayar da shi Disabled. Ka cire wa katin warware bidiyo ke nan ka bar masa sauran. Shafin nan ɗakin gwaji ne, kada ka bi shi kana taɓa abin da ba ka sani ba. In ka rikice, maɓallin "Reset all" na sama zai mayar da komai. Hasali ma in ka san ka taɓa wasa da shi a baya, fara da wannan maɓallin.

Monita mai sauya gudu

G-Sync na NVIDIA da FreeSync na AMD an yi su ne don wasanni: monita ta riƙa bin gudun katin wajen sabunta hoto maimakon ta tsaya a lamba ɗaya. A wasa abin na da daɗi. Burauza kuwa ba ta da tsayayyen gudu. Kana karatu ba ta zana komai, ka ja shafi ta zabura, ka tsaya ta tsaya. Monitar na biye da ita sama da ƙasa, kuma a wasu gilasai, musamman VA da OLED, haske na ɗan canzawa duk lokacin da gudun ya sauya. Alamarsa ita ce ƙyaftawa mai laushi, kamar haske na numfashi, ta fi fitowa a shafi mai duhu.

A NVIDIA Control Panel, shiga "Set up G-SYNC" ka zaɓi na cikakkiyar fuska kaɗai, ka bar wanda ya haɗa da tagogi. Ko ka shiga "Manage 3D settings", Program Settings, zaɓi burauzarka, ka sa "Monitor Technology" a "Fixed Refresh". Wannan ya fi, don wasanninka ba su rasa komai ba. A manhajar AMD, sashen Display ne ke da makunnin FreeSync. Kana nan ɗin, in ka taɓa tilasta wa dukan manhajoji wani saitin gyaran hoto ko iyakar gudu, mayar da su na asali. Burauza ba ta son a yi mata shisshigi a nan.

Sannan duba Settings, System, Display, Advanced display. In monitarka 144 take, sauke ta zuwa 120 ko 60 ka gani. In ta lafa a ƙasa, wataƙila wayar ce ba ta iya ɗaukar nauyin. Mai monita biyu masu gudu daban, ɗaya 60 ɗaya 144, ya cire ɗaya ya gwada, ko ya daidaita su.

MPO

Tun Windows 8.1 akwai wata dabara mai suna Multiplane Overlay. Maimakon a haɗa dukan tagogi su zama hoto ɗaya, sai a ware wani, misali bidiyo, a tura shi a nasa faifan, katin ya ɗora shi a kai a matakin ƙarshe. Ana samun sauƙin wuta da sauri. Matsalar na zuwa lokacin shiga da fita daga wannan yanayin: ka motsa maus, maɓallan bidiyo su fito, ka sauya girman taga, sai fuskar ta yi baƙi na ɗan lokaci. Wata alama mai ban mamaki ita ce, da ka kunna manhajar ɗaukar bidiyon fuska don ka nuna wa wani, sai ƙyaftawar ta ɓace ko ta ƙi fitowa a abin da ka ɗauka.

NVIDIA ta taɓa wallafa hanyar kashe shi ta rajistar Windows, inda tsarin ke ajiye saitunansa na ciki. Rajista ba wurin ganganci ba ne, bi a hankali. Danna Windows da R, rubuta regedit. Bi wannan hanya: HKEY_LOCAL_MACHINE\SOFTWARE\Microsoft\Windows\Dwm. Danna Dwm da dama ka zaɓi Export, ka ajiye kwafi. A filin dama, danna dama, New, "DWORD (32-bit) Value", sa masa suna OverlayTestMode daidai yadda na rubuta. Buɗe shi ka sa 5. Sake kunna kwamfutar. In an dace, shi ke nan. In ba canji, koma ka goge abin da ka ƙirƙira, kada ka bar shi yana zaune ba amfani. In kwamfutar ta wurin aiki ce, bar wa masu kula da ita wannan matakin.

Laftof na da nasa halin

Laftof da yawa kati biyu gare su: ƙarami da ke cikin babbar ƙwaƙwalwa don tattalin batir, da babba don aiki mai nauyi. Miƙa aiki daga wannan zuwa wancan na iya jawo ƙyaftawa. Shiga Settings, System, Display, Graphics, nemo burauzarka ko ka ƙara ta, ka tsayar mata da kati ɗaya. Fara da "Power saving". Ƙaramin ya ishi burauza, kuma a yawancin laftof shi ne ke haɗe da gilashin kai tsaye. In bai yi ba ka gwada "High performance".

Lura kuma ko abin na faruwa ne sai ka zare caja. In haka ne, dabarun tattalin wuta ne. A Intel akwai "Panel Self Refresh", wanda ke barin gilashi ya riƙe hoto da kansa idan ba abin da ke motsi, katin ya ɗan yi gyangyaɗi. Farkawar ce ke zuwa da ƙyaftawa a wasu na'urori. Ana kashe shi a sashen Power na manhajar hoto ta Intel, inda "Display Power Savings" ma yake. Na AMD sunansa Vari-Bright. Windows 11 ma na da "Change brightness based on content" a ƙarƙashin Brightness. Waɗannan na ƙarshe su ke sa haske ya yi tsalle idan ka tashi daga farin shafi zuwa baƙi.

Saura ƙanana, a gwada su da sauri. "Hardware-accelerated GPU scheduling", wanda ya zo da Windows 10 siga ta 2004 a shekarar 2020, yana cikin saitin Graphics. Juya shi zuwa akasin yadda ka same shi ka sake kunnawa. Kashe HDR ka gani. Buɗe Disk Cleanup ka share "DirectX Shader Cache", zai sake gina kansa.

Masu Mac ba su da direban da za su saka da hannu, sabunta macOS shi ne sabunta direba. A tsofaffin MacBook Pro masu kati biyu, kashe "Automatic graphics switching" a saitin batir. A masu ProMotion, tsayar da gudun a 60 a sashen Displays. A Linux, yawanci batun Wayland da X11 ne; tayar da Chrome da --ozone-platform=x11 ka kwatanta.

In duk ka bi ba a dace ba

Kashe hanzarin ka ci gaba da aikinka, ko ka riƙa kallon bidiyo a burauzar da ba ta yi. Amma duk lokacin da sabon direba ko sabuwar sigar burauza ta fito, kunna shi ka gwada na minti biyar, domin irin waɗannan kurakurai ana gyara su ne a hankali ba tare da sanarwa ba. Kuma ka kai rahoto. A Chrome, Alt da Shift da I na buɗe wurin kai ƙorafi. Kafin nan, kunna hanzarin, buɗe chrome://gpu ka kwafi rahoton da ke ciki ta maɓallin da ke sama, ka haɗa da sunan katinka, lambar direban da ka rubuta ɗazu, gudun monitarka, da ainihin abin da kake yi lokacin da fuskar ke ƙyaftawa. Tunda ɗaukar bidiyon fuska kan ɓoye matsalar, ɗauki monitar da kyamarar waya ka ajiye, don ranar da aka nemi shaida.